Ƙwayar Mastad da Danginta

Karatu: Matta 13:31-32, Markus 4:30-32, Luka 13:18-19. A duba kuma Matta 17:14-20 da Luka 17:5-6.

Sau biyar a ke ambaton mastad a cikin Sabon Alkawari, duka kuwa daga bakin Ubangijinmu Yesu. Uku daga ciki misalin Mulkin Allah ne, yadda Matta da Markus da Luka suka rubuta shi. Biyu kuwa zancen bangaskiya ne. A Tsohon Alkawari ba a ambace shi ba ko sau ɗaya. Mutanen Galili da suka fara jin maganar nan ba su bukaci kowa ya yi musu bayani ba, gama tsiro ne da su ke tattakawa a bakin hanya, su ke kuma fama da shi a gonakinsu na alkama. Mu kuwa yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Sabo da haka in ana karanta misalin, kowa ya kan zana wa kansa wani itace a zuci: wani ya ga kuka, wani ya ga rimi. Har akwai littattafan yara da aka yi wa hoton ƙaton itace mai kauri, tsuntsaye sun cika rassansa da sheƙuna. Hoton yana da kyaun gani, amma ba mastad ba ne, wanda ya riƙe shi kuwa ya rasa rabin abin da Yesu ya ke nufi. Don haka a darasin nan za mu fara zuwa gona tukuna, mu dubi tsiron, sa'an nan mu komo ga Littafi.

Wane irin tsiro ne?

Masana su kan kasa tsire-tsire dangi dangi, ko wane dangi gida gida, ko wane gida kuma iri iri. Dangin mastad babba ne, yana da iri wajen 4,000. Yawancinsu ganyaye ne masu taushin kara, ba itatuwa ba, sun kuma fi yawa a ƙasashen kewayen Bahar Rum da yammacin Asiya. Ana gane su da furensu. Kunnuwan furen huɗu ne, biyu suna fuskantar biyu, sai ka ce gicciye, shi ya sa tsohon sunan dangin a harshen Latin ma'anarsa masu ɗauke da gicciye. Kada kowa ya gina wa'azi a kan wannan, gama sunan masana ne na baya, Yesu kuwa bai ambaci furen ba. A tsakiyar furen akwai zare shida masu ɗauke da garin fure, huɗu dogaye, biyu gajeru. In fure ya kaɗe sai siririn kwanso ya fito, ƙwayoyi a jere a ciki kamar na wake, sai dai ƙanana ƙwarai.

Biyu daga cikin dangin nan muna ganinsu a kasuwanninmu. Ɗaya kabeji ne, ɗaya kuwa lansir, wanda mata su ke yin kwaɗo da shi. Wanda ya bar lansir a lambu har ya yi fure, ya ƙirga kunnuwan furen, ya tauna ganyen ya ji yajin nan mai hawa hanci, to, ya san ɗan'uwan mastad.

A shekarar 1753 wani masani mutumin Suwidin, Karl Linne, wanda ya tsara yadda a ke raɗa wa tsire-tsire suna har yau, ya tara waɗansu ganyayen jeji masu fure ruwan ɗorawa a gida ɗaya, ya kira gidan Sinapis. Sunan nan daga Helenanci ya fito, daga kalmar sinapi, ita ce kuwa ainihin kalmar da ke cikin Linjila a wurare biyar ɗin nan. Uku daga cikin irin da ya sa a gidan suna tsira da kansu a Galili da Kwarin Urdun. Akwai farin mastad, Sinapis alba, mai ƙwaya fatsi-fatsi. Akwai mastad na jeji, Sinapis arvensis, ciyawar da ke addabar gonakin alkama da sha'ir. Akwai kuma baƙin mastad, wanda Linne ya kira Sinapis nigra, amma a shekarar 1833 wani Bajamushe mai suna Koch ya mai da shi gidan kabeji, aka riƙa ce masa Brassica nigra. Binciken ƙwayoyin gado na zamanin nan ya nuna baƙin da na jeji sun fi kusa da juna fiye da yadda a ke zato a dā, har waɗansu masana sun sāke musu gida. Wannan bai shafi darasinmu ba. Ga mutumin ƙauye a ƙasar nan duk abu ɗaya ne, Larabawa suna kiransu hardal.

A Falasɗinu da lokacin sanyi a ke yin ruwa, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Da ruwan fari mastad ya kan tsiro. Daga Fabrairu zuwa Afrilu tuddai da gefen gonaki su kan yi rawaya fatau da furensa, in rani ya kama kuwa sai busassun kara kaɗai. Watau shukar shekara ɗaya ce, kamar gero. Na jeji da farin ba safai su kan wuce ƙugun mutum ba. Baƙin shi ne dogo: ya kan kai ƙafa 4 zuwa 6, a ƙasa mai ƙarfi da laima kuma har ƙafa 10, ya yi rassa, gindinsa ya yi tauri. William Thomson, mai bishara Ba'amurke wanda ya daɗe a Suriya da Lebanon, ya faɗa a littafinsa na shekarar 1859 ya ga mastad a filin Akkar wanda tsawonsa ya kai doki da mahayinsa. Baƙin nan kuma shi ne mafi ƙanƙantar ƙwaya cikin ukun, faɗinta bai fi milimita 1 da kaɗan ba, shi ne kuma a ke shukawa don yaji da mai, gama wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar mai ne. Dalilan nan suka sa yawancin masana suna ganin shi Yesu ya ke nufi. Mu ma haka mu ke gani.

Masu neman itace na sosai

Ba kowa ya gamsu ba. Matta da Luka sun ce tsiron ya zama itace, waɗansu kuwa suka ga ganye ba ya cancanci sunan nan. A shekarar 1844 wani likita kuma masanin tsire-tsire Bature, John Forbes Royle, ya kawo shawara cewa wani itace dabam a ke nufi, wanda a ke kira Salvadora persica. Mun san shi, gama shi ne itacen asawaki, yana kuwa tsira a ƙasashen bakin hamada har wajen Tafkin Cadi. 'Ya'yansa suna da yaji kamar na mastad, ana kuma samunsa a gefen Tekun Gishiri. Shawarar ta sami karɓuwa na ɗan lokaci, amma ba ta tsaya ba. Itacen asawaki na wurare masu zafi ne, ba na tuddan Galili ba. Ba a shuka shi a lambu tare da ganyaye. Ƙwayarsa ba ƙarama ba ce ainun. Markus kuwa ya faɗa a fili cewa cikin ganyayen lambu ne tsiron ya fi girma.

Ya kamata mu lura da abin da ya faru a nan, domin jaraba ce da ta ke samunmu duka. Royle mutumin kirki ne, yana so ya kāre Littafi. Amma ya ga kamar ganye ya yi wa Mulkin Allah kaɗan, sai ya tafi nema masa itacen da ya fi dacewa. Yesu ya san itatuwan ƙasarsa sarai. Da ya so babban itace, da ya ambace shi.

Ita ce mafi ƙanƙanta?

Ga wata tambaya da ɗalibai su kan kawo, mai kyau ce kuwa. Yesu ya ce ƙwayar nan ta fi dukan iri ƙanƙanta. Amma wanda ya taɓa riƙe irin taba ya san ya fi ta ƙanƙanta, akwai kuma furannin jeji da ƙwayarsu kamar ƙura ta ke. Ashe, kuskure ne? Waɗansu sun yi tuntuɓe a kan wannan, waɗansu kuma sun wahalad da kansu suna murɗa kalmomi don su fita.

Amsa ba ta da nisa. Yesu yana magana da manoma a kan irin da su ke shukawa da hannunsu, cikinsu kuwa mastad ne ƙarami. Taba ba ta zo wannan sashe na duniya ba sai bayan shekarar 1492, daga Amurka. Ban da haka, a bakin Yahudawa ƙwayar mastad ta riga ta zama ma'aunin abu mafi ƙanƙanta. A cikin Mishna, watau littafin hukunce-hukuncen malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, in ana so a ce ɗigo ɗan mitsitsi, sai a ce kamar ƙwayar mastad. Haka kuma a Larabci: Alƙur'ani ya ambaci nauyin ƙwayar hardal sau biyu, a Suratul Anbiya aya 47 da Suratu Luƙman aya 16. In Bahaushe ya ce abu bai kai ƙwayar zarra ba, ba wanda ya ke ɗauko ma'auni. Ubangiji ya yi magana da harshen mutane, yadda su ke yinsa.

A nan mai juya Littafi ya ke gamuwa da wuya, bari mu ɗan nuna muku ita. Hausa ba ta da sunan tsiron nan. Da Shehu Abubakar Gumi ya zo ayoyin nan biyu a tarjamarsa ta Alƙur'ani, sai ya sa ƙwayar komayya, ciyawar nan mai tsaba siririya da kowa ya sani. Ya yi daidai a wurin, gama ƙanƙanta kaɗai a ke nufi. Amma a misalin Yesu komayya ba za ta yi ba, don ba ta girma har tsuntsu ya fake a ƙarƙashinta. In kuwa muka sa rimi ko gamji, mun sami girma, amma mun juya misalin ya zama wani abu dabam, kamar yadda za mu gani. Shi ya sa Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ari kalmar Turawa. Ita ma ararriya ce a wurinsu: tushenta kalmar Latin ce mai nufin sabon ruwan inabi, domin da shi Romawa su kan dama niƙaƙƙiyar ƙwayar. Kalmar aro ba ta yin ƙarya, amma ba ta kawo hoto a zuci. Wannan aiki ya rage wa mai koyarwa.

A gona ko a lambu?

Ku buɗe wuraren uku ku gwada su. Matta ya ce a gona mutumin ya shuka ta, Luka ya ce a lambu, Markus kuwa ƙasa kawai ya ambata. Bambancin ba babba ba ne, amma yana kai mu ga wani abu. Shari'ar Musa ta hana garwaya iri biyu a wuri ɗaya (Littafin Firistoci 19:19, Kubawar Shari'a 22:9). Da malamai suka zo fayyace dokar nan a cikin Mishna, suka lissafta mastad cikin shukar gona, wadda ba a sa ta a fangalin lambu tare da ganyaye. Ba shi da wuyar ganewa. Filini Babba, marubucin Roma wanda ya mutu a shekara ta 79, ya yabi mastad don amfaninsa ga lafiyar jiki, amma ya yi kashedi cewa in an shuka shi sau ɗaya da ƙyar a ke raba wurin da shi, gama ƙwayar da ta faɗi ta kan tsiro nan da nan. Manoman zamanin nan sun shaida haka. Ƙwayar mastad na jeji tana iya kwanciya a cikin ƙasa shekaru gommai da ranta, ran da garma ta juyo ta sama sai ta tsiro.

Sai ku ɗauki kanku kamar kuna zaune cikin taron nan a bakin Tekun Galili. Malamin da a ke ta zancensa ya tambaya da me za a kwatanta Mulkin Allah. Duk wanda ya saba da karatun majami'a ya san amsar da ta dace. Annabi Ezekiyel ya ga Allah ya ɗauki toho daga kan itacen al'ul, ya dasa shi a bisa dutse mai tsawo na Isra'ila, ya zama itace mai daraja inda ko wane irin tsuntsu ya ke zama (Ezekiyel 17:22-24). Ya kuma kwatanta Assuriya da al'ul na Lebanon (sura 31). Nebukadnezzar ya yi mafarkin itace mai taɓa sama, tsuntsaye a rassansa, namomin jeji a inuwarsa, Daniyel ya ce masa shi ne itacen (Daniyel 4). Watau babban itace mai tsuntsaye shi ne hoton mulki, tsuntsayen kuwa al'ummai ne masu neman mafaka. Jama'ar da ke ƙarƙashin Roma suna jiran al'ul. Sai Yesu ya riƙe tsuntsayen annabawa, ya riƙe rassan da inuwar, amma a madadin al'ul ya sa musu ganyen da su ke tumɓukewa a gona. Muna tsammani waɗansu sun yi murmushi, waɗansu kuwa ransu ya ɓaci.

Sabo da haka misalin yana faɗin abu biyu, mu kuwa mun saba jin na fari kaɗai. Na fari shi ne, farkon abin ƙarami ne, ƙarshensa babba. Malami ɗaya daga Nazarat da almajirai goma sha biyu. Bayan hawansa sama, mutum wajen 120 suna taruwa a Urushalima (Ayyukan Manzanni 1:15). Wannan ta'aziyya ce ta gaske ga 'yan'uwa biyar ko shida masu taruwa a zaure ko a ƙarƙashin itace, waɗanda su kan ƙirga kansu ran Lahadi su ji kunya. Annabi Zakariya ma ya tsauta wa masu rena ranar ƙananan abubuwa (Zakariya 4:10).

Na biyu ya fi wuyar haɗiya. Ko da tsiron ya gama girma, ba irin girman Babila ba ne. Ba ya taɓa sama, ba a yin katakon fāda da shi. Ƙarfinsa yana cikin yaɗuwa: ya zuba ƙwaya, ya tsallake iyakar da aka yi masa, ya ɓullo inda ba a shuka shi ba, a sare shi bana ya fito baɗi. Su kuwa itatuwan nan na Assuriya da Babila, ku karanta surorin har ƙarshe, ku ga duka biyu an sare su. Ikilisiyar da ta ke auna kanta da tsawon gini da yawan manyan mutanen da ke zama a kujerun gaba, al'ul ta ke so ta zama. Muna faɗin wannan ga kanmu tukuna kafin mu faɗa wa kowa.

Tsuntsayen fa? Kalmar da aka yi amfani da ita a Helenanci tushenta kafa alfarwa ne, watau sauka a zauna. Ba lalle ba ne a ce sheƙa. Ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba su kan sauka a kan mastad garke garke in ƙwaya ta nuna, su ci, su fake a inuwarsa. Mai gona ba ya murna da zuwansu. A misalin mai shuka, a sura ɗaya ɗin nan ta Matta, tsuntsaye ne suka tsince irin da ya faɗi a hanya, har waɗansu masu fassara suka ce a nan ma mugaye a ke nufi. Ba mu yarda da wannan ba, gama Ezekiyel ya riga ya nuna mana su wane ne. Amma gaskiya ne Mulkin nan yana tara baƙin da mai gona bai gayyata ba. Abin da Farisiyawa suka riƙa gunaguni a kai ke nan, da suka ga masu karɓar haraji da masu zunubi suna cin abinci tare da Yesu.

Bangaskiya kamar ƙwayar mastad

Sauran wurare biyu ba za su ɗauke mu lokaci ba. A Matta 17 almajirai sun kāsa warkad da yaro mai farfaɗiya, suka tambayi dalili. A Luka 17 Yesu ya ce musu su gafarta wa ɗan'uwa ko sau bakwai a yini ɗaya, sai suka roƙa a ƙara musu bangaskiya. Ku lura, gafara ce ta sa su roƙon nan, ba al'ajibi ba. A duka biyu ya amsa musu da ƙwayar mastad: in suna da kamarta, dutse zai kau, itace mai zurfin saiwa zai tumɓuke. Suna tambayar yawa, shi kuwa ya ɗauko abin da ba a iya aunawa don ƙanƙanta. Ƙwayar mastad da tsakuwar rairayi girmansu ɗaya, bambancinsu ɗaya tana da rai. Don haka kada a ɗauki ayoyin nan a doki marar lafiya da su, a ce masa da bangaskiyarsa ta isa da ya warke. Wannan juya maganar Ubangiji ne. Ya faɗe ta domin ya ɗauke idon almajirai daga kan mudun da su ke auna kansu da shi, ya mai da shi ga Allah.

Akwai wani hali na ƙwayar da ya kamata ku sani. Busasshiyar ƙwayar mastad ba ta da ƙanshi ko kaɗan. A cikinta akwai sinadari biyu a ajiye dabam dabam, sai an niƙa ta, ruwa ya taɓa ta, sa'an nan su gamu su haifi mai ɗin nan mai yaji da ke sa hawaye. Makamin tsiron ne, da shi ya ke korar ƙwarin da ke cinsa. Wanda ya taɓa tauna 'ya'yan gwanda ya ji makamancinsa, gama gwanda da zogale 'yan'uwan mastad ne na nesa. Amburos, bishop na Milan wanda ya mutu a shekara ta 397, ya yi wa'azi a kan wannan, ya kwatanta ƙwayar da shahidan birninsa, waɗanda ba a san ƙarfin bangaskiyarsu ba sai da aka murƙushe su. Kwatanci ne mai ratsa zuciya, waɗanda suka sha tsanani sabo da sunan Almasihu kuwa sun fi mu ikon yin magana a kansa. Sai dai in za ku yi amfani da shi, ku gaya wa jama'a na Amburos ne, ba ya cikin ayar.

Ga mai koyarwa

Kwana huɗu kafin taro, ka sami irin lansir, ka barbaɗa shi a kan jiƙaƙƙen ƙyalle cikin ƙoƙo, ka riƙa yayyafa ruwa. Ran taro ka zo da ƙoƙon, da busasshen irin a hannu, kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya duba. Ka gaya musu ta mastad ta fi wannan ƙanƙanta. Sa'an nan ka sa mutum ɗaya ya karanta Ezekiyel 17:22-24, wani ya karanta Markus 4:30-32 a bayansa nan take, ka tambaye su abin da ya ke ɗaya a wuraren biyu da abin da ya sāke. Kada ka yi saurin ba su amsa. In lokaci ya rage, ku tattauna wannan: su wane ne a garinku za su so su fake a inuwar taronku, amma har yanzu ba wanda ya matsa musu wuri a tabarma?